Shekarar da Masarar Fadama Ta Kwanta

Watan Agusta a Riyad ba shi da hadari ko na ganin ido. Sama fara fat, kwalta na tiriri, ƙofar mota sai ka sa gefen riga kafin ka kama ta. Shekara tara ke nan ina aiki a nan, a ɗakin gwajin ƙasa da ruwa na wani kamfani mai rumfunan shuka a hanyar Kharj, amma har yau idan watan nan ya kama, jikina marka yake jira.

Makon jiya aka kira ni rumfa ta shida. Kokwamba ce ta fara zubewa layi-layi. A waje iska busasshiya ce kamar bakin tanda, a ciki kuwa ɗumi ne mai laima, irin wanda riga ke manne wa mutum a baya. Saboda zafi an ƙara lokacin ban ruwa, har ƙasa ta yi caɓa. Na tsuguna na matsa gindin guda ɗaya. Ya yi laushi kamar an dafa shi, ganyen kuwa kore shar.

Mudir ɗinmu, wato manajanmu Abu Nasir, yana tsaye a kaina yana jan tasbaha.

“Ya muhandis,” in ji shi, wato injiniya, “mene ne wannan? Kalma ɗaya nake so.”

Na ce mai yiwuwa ruwa ne ya yi yawa, mai yiwuwa kuma cuta ce daga ƙasa, sai dai in kai ɗakin gwaji, kwana biyar ko shida.

“Mai yiwuwa, mai yiwuwa! Wallahi kai ko sunanka aka tambaye ka sai ka ce mai yiwuwa. Yalla, halas, je ka gwada.”

Da la'asar ina duba rubuce-rubucen masana a kan wannan ruɓewa, sai na ci karo da abin da ya hana ni sukuni. Akwai wasu ƙananan halittu, sunansu na boko Pythium, waɗanda aka daɗe ana lissafa su cikin dangin fumfuna saboda suna yin zare-zare fari kamar ita. Daga baya aka gane ba danginta ba ne. 'Ya'yansu suna da 'yar wutsiya, iyo suke yi a cikin ruwan da ya kwanta, kuma yawancin magungunan fumfuna ba sa taɓa su. Wannan duk na san shi a wurin aiki. Amma ni a sanina ƙananan tsiro suke kashewa. Abin da na karanta shi ne an gano wasu sababbin ire-irensu a cikin karan babbar masara. Da hotuna. Kara ya murɗe a gaɓar farko, ya kwanta a ƙasa, ganyensa kore kamar ba abin da ya same shi.

Na koma gida unguwar Malaz, matata Rabi ta ajiye abinci, na zauna ina juya cokali.

“Abban Hanifa, iƙamar ce kuma? Takardar zaman ta sake ba da matsala?”

“A'a. Masara ce.”

“Wace masara a garin nan da ko ciyawa sai an yi mata famfo?”

Ba ta san labarin ba, don ban taɓa ba ta shi ba.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Na gama jami'a da digiri a fannin noma, na dawo ƙauyenmu da ke yamma da Funtuwa ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Ni ne ɗan fari, saboda haka ni da Baba ba ma doguwar magana. Abin da yake so in sani, ta bakin ƙanensa Baffa Sale nake ji. Baffa Sale kuwa bakinsa ba shi da ƙofa. Shi ya raɗa mini Dakta, alhali ya san ban kai ko kusa ba. Kakata Iya, mahaifiyarsu, ita kuma angonta take ce mini, tana cewa ta gaji da auren takarda, a kawo mata hatsi.

Gonakin Baba biyu ne. Ta tudu dawa ce, ta fadama masara. Mu goma sha ɗaya ne a gidan, kuma duk shekara rumbu kan yi ƙasa tun damina ba ta raba ba. Masarar fadama ita ke raba mu da yunwa, don tana nuna tun dawa ba ta fid da kai ba. Idan ta yi, mun haye. Idan ba ta yi ba, ban taɓa jin wanda ya ƙarasa wannan maganar ba a gidanmu, don ba ta taɓa ƙin yi ba.

Baba yana da wata ɗabi'a a noma. Ya ga babban fari yana saurayi, wanda shanu suka riƙa faɗuwa a hanya, mutane suna tona gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin hatsi. Tun daga nan, duk kunyar da ya yi sai ya ɗaure bakinta. Wato ya tara ƙasa ya toshe ƙarshen kwarin da ke tsakanin kunya da kunya, don ruwan sama ya kwanta a nan, kada ɗigo ya fita. Yakan ce ruwa baƙon Allah ne, ba a nuna masa hanya. Kuma in faɗi gaskiya, yawancin shekaru wannan ɗabi'ar ita ke sa masararsa ta fi ta kowa. Ba na so a ɗauka wauta ce. Ba wauta ba ce.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Muka yi shuka, muka yi noman farko, aka sa taki, aka yi huɗa. Masara ta tashi kore har tana baƙi-baƙi, mai wucewa sai ya tsaya ya ce tubarkalla. Idan ban manta ba, ta kai mini ƙirji lokacin da marka ta shigo, ba ta kai ga yin goyo ba tukuna.

Markar ba irin wadda muka sani ba ce. Marka da sanyi take zuwa, sama ta lulluɓe, yayyafi ya wuni. Wannan kuwa sai a kwarara ruwa da safe kamar da bakin ƙwarya, kafin azahar rana ta buɗe ta doki ƙasa, ƙasa ta riƙa fitar da tururi. Ba iska ko ta kaɗa ganye. Zufa ba ta bushewa. Takalmina na jami'a ya yi fari da fumfuna a ƙarƙashin gado, gishiri ya narke a kwano, ashana sai an ɗora ta a kan murhu kafin ta kama. Itace duk jiƙaƙƙe, Inna, mahaifiyata, ta wuni cikin hayaƙi idanunta jawur. Katangar bayan zaure ta zauna da kanta ba wanda ya taɓa ta. A fadama ruwa ya cika kwarin kunyoyi, idan ka sa ƙafa ka ji shi da ɗumi kamar na wanka.

Wata safiya muka tarar da karan masara kamar guda ashirin a kwance, can ƙasa inda gonar ta fi gangara. Ba a yi iska ba, na tabbata da wannan, don ko zanen da Inna ta manta a igiya yana nan inda yake. Na ciri guda na duba. Gaɓar farko, wadda ke daf da ƙasa, ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, ta yi laushi, ta murɗe kamar an matse wanki. Na tsaga da wuƙa. Ba tsutsa, ba gara, ba wari. 'Yan jijiyoyin ciki suna nan kamar zaren tsintsiya, ina jin su ne suka ci gaba da kai wa ganye ruwa. Na kuma lura duk waɗanda suka faɗi suna gefen kwarin da ruwa ya fi kwanciya. Na rubuta wannan a littafina, har na ja masa layi.

A gindin ɗorawar bakin gona Baba da Baffa Sale suke jirana.

Baffa ya ce, “To Dakta, ga marar lafiya nan. Allura ce ko ƙwaya?”

“Baffa, ina jin kamar fumfuna ce. Wataƙila kuma ruwan ne ya yi mata yawa.”

“Ruwa ya yi wa masara yawa? Yaya, ka ji abin da aka je Zariya aka koyo.”

Baba bai yi dariya ba. Idonsa na kan gonar, ya ce wa Baffa, kamar ba na wurin, “Tambaye shi, ya tabbata?”

Shekara biyar ana koya mini kada in ce na tabbata sai na gwada. Malaminmu na cututtukan shuka har maki yake ragewa idan ka rubuta “lallai”. Ɗakin gwaji mafi kusa yana Zariya, ni kuwa wuƙa ce kawai a hannuna.

Na ce, “Ban tabbata ba. Amma da za a ɗan buɗe bakin kunyoyin…”

“Da za a buɗe, ko a buɗe?” in ji Baffa.

“To, idan aka buɗe kuma ruwa ya ɗauke, ka san Agusta yakan yi hutu wata shekarar, sai ta zo goyo ba laima. Kowanne da haɗarinsa.”

Ba wanda ya kawo mini wannan hujjar. Ni na kawo ta da bakina, na miƙa musu. Baba ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa.

“To a bar ruwa inda Allah ya ajiye shi.”

Abu ɗaya na iya faɗa da ɗan ƙarfi, shi ne magani, saboda shi yana cikin littafi: idan fumfuna ce, ga abin da ake fesawa. Inna ta kai jar akuyarta kasuwa. Aka sayo garin maganin, na aro injin feshi na goya, na yi kwana biyu ina bin kunyoyi, warin yana hawa mini kai. Ruwa ya zo ya wanke. Na sake. Masara ta ci gaba da kwanciya, yau talatin, gobe hamsin. Yanzu ne na san cewa, idan abin da nake zato ne, ko ruwan bai wanke ba maganin ba zai yi komai ba.

Iya ta tare ni a tsakar gida. “Angona, akuyar da nake jiran romonta ka je ka zuba wa kwaɗi?”

Na ce, “Iya, magani sai a hankali yake aiki.”

“Ni ma a hankali nake tsufa, amma ana gani.”

Daga nan Baffa Sale ya karɓi ragama. Hujjarsa mai sauƙi ce, kuma kowa ya gane ta: masarar da ganyenta yake kore ba ta mutu ba, kwanciya ta yi, wanda ya kwanta kuwa tayar da shi ake yi. Haka ake yi idan iska ta kwantar da gona. A ɗaga kara, a tokare shi, a tara masa ƙasa a gindi, ya sake saiwa ya miƙe. Sun yi haka sau da yawa ya yi. Aka kira gayya.

Mutum wajen talatin suka zo, da mai ganga. Inna ta shiga rumbu ta share geron da ya rage a ƙasa, wanda ta ɓoye don azumi, aka yi fura, don ba a kiran gayya a sallami mutane da ruwa. Tun hantsi aka jeru. Wasu na saro 'yan sanduna masu gwafa, wasu na ɗagawa, masu garma na kwaso laka daga cikin kwari suna liƙa wa kowane kara har ta rufe gaɓar farko. Waɗanda ba su faɗi ba ma aka ce a tara musu, riga-kafi. Da aka hau sama inda lakar ba ta da yawa, sai aka kawo daro, aka riƙa ɗebo ta daga can ƙasa, daga daidai inda ciwon ya fara, ana kai wa masu lafiya.

Ina cikinsu da garmata. Na ga abin da ake yi, amma ban daina aiki ba. Sau ɗaya na matsa kusa da Baffa.

“Baffa, anya lakar can ƙasa ba za ta…”

“Dakta, idan ka gaji ga inuwa can. Jama'a, a kai wa likita fura, hannun biro ya yi kanta!”

Aka kwashe da dariya, mai ganga ya ƙara wuta. Ni ma na yi 'yar dariyar.

Kafin la'asar gona ta miƙe tsaf, kowane kara a tsaye, ganye na sheƙi. Ban taɓa ganin ta da kyau irin na ranar ba. Baba ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana godiya, aka shafa fatiha. Kuma ba zan ɓoye ba, a ranar ni ma na ce a raina wataƙila ni ne ban gane ba, har na gode wa Allah da ban nace ba.

Kwana biyu bayan nan zazzaɓi ya kwantar da Baba. Ran nan bayan azahar aka sake ɓarkewa da ruwa, kowa ya shige ɗaki. Na kasa zama. Na naɗe buhu na kifa a kai, na ɗauki garma na nufi fadama. Ruwa ya kusa shafe kunyoyin, kan tudun lakar kawai ake gani. Na zagaya can gefen korama, bayan wata gamba mai tsawo inda ba a hango mutum daga hanya.

Kunyoyin gonar sun haura sittin. Buɗe bakin guda ɗaya sara uku ne, ko huɗu. Da na so, da kafin magariba na gama da su duka.

Biyar na buɗe.

Na sare bakinsu, ruwan ya yi wani gurnani ya gangara korama, ja kamar kunun kanwa. Na bi karan da ke kansu ɗaya bayan ɗaya na yaye lakar da hannu har gaɓar ta sha iska. Sannan na kafa sanda a kan ta biyar don in gane iyaka, na tsaya.

Na yi shekaru ina tambayar kaina dalili. Ina jin dalilan biyu ne, ban san wanda ya fi nauyi ba. Na ɗaya, haka aka koya mana: idan za ka gwada abu, ka yi wa wani sashe, ka bar wani sashe yadda yake, in ba haka ba ba za ka san abin da ya yi aiki ba. Na biyu, tsoro. Idan na buɗe duka ruwa ya ɗauke, ni ne na kashe gonar Baba da hannuna, kuma duk ƙauyen zai sani. Biyar kuwa, ko sun lalace, ba wanda zai kula. Na koma gida a jiƙe sharkaf, ina jin na yi abin masu hankali.

Ruwa bai ɗauke ba. Cikin kwana goma gonar ta kwanta. Waɗanda aka tokare su suka fara, suka sulale suka bar sandunan a tsaye ba abin da suke riƙe da shi. Sai na sama suka biyo, waɗanda aka kai wa laka a daro. Ganyen ya yi kwanaki yana kore a ƙasa kafin ya soma rawaya, kuma wannan koren shi ya fi cin rai, don kullum sai ka ga kamar da sauran dama. Da Baba ya tashi daga zazzaɓi ya je sau ɗaya. Ya tsaya a gindin ɗorawa, ya duba, ya juya. Daga ranar ya mai da ƙarfinsa kan dawar tudu.

Kunyoyi biyar na gefen korama suna nan a tsaye. Kara biyu ko uku sun faɗi a cikinsu, sauran suka fid da gemu suka yi goyo. Wasu suka ce yashi ne a wajen. Baffa Sale ya ce mutanen ɓoyen korama ne suka tsare rabonsu, kada wanda ya je wurin da tsakar rana. Na ce wa kaina sai an girbe tukuna a san sakamako.

Yunwar damina ba ta shigowa da ihu. Da asuba Inna ta dama kunu, kullum yana ƙara tsinkewa, har ya zama idan ka ɗaga ludayi kana ganin gindinsa. Mu maza mu tafi tudu. Mata da yara su shiga jeji da ƙwarya neman tafasa da rama da yaɗiya. Da azahar a yi kwaɗo, ƙuli-ƙuli ɗaya a daka wa kwano guda, sai ƙanshinsa kawai. Kafin la'asar idan na ɗaga fartanya sai in ga wasu 'yan taurari suna yawo a idona. Tuwon yamma da farko dawa ce zalla, sai aka soma haɗawa da garin rogo, daga baya har da dusa. Malmala ta koma kamar ƙwan agwagwa. Inna ba ta zama cin abinci da kowa. Idan aka yi magana sai ta ce ta ci a madafa. Iya kuma sai ta gutsuri nata ta tura wa ƙannena sauran, ta ce haƙoranta ne ba sa so.

Abin da ya fi damuna ƙanshi ne. Maƙwabtanmu da suka yi masara a tudu tasu ta tsira, da yamma sai iska ta kawo ƙanshin gasasshiya ta kan katanga. Suna aiko mana, ba su yi rowa ba. Amma gidan da ya saba aikawa, karɓa tana yi masa ɗaci. Turminmu kuma yakan yi kwana biyu ba a ji shi ba, alhali a ƙauye da sautin turmi ake sanin lafiyar gida.

A watan ne Baba ya yi ƙodago, karo na farko a rayuwarsa. Ba a ƙauyenmu ba. Yakan saɓa fartanya tun duku-duku ya yi tafiyar awa guda zuwa wani gari inda ba kowa ya san shi ba, ya yi wa wani noma, ya dawo da tiyar hatsi a ƙulle a gefen riga. Mutumin da ake kawo wa shawarar noma har daga wasu ƙauyuka. Na ce wa Baffa ya gaya masa ni zan riƙa zuwa a madadinsa. Amsar da ta dawo ita ce in tsaya a kan dawa. Na tsaya. Ina cire ciyawa ina lissafin kunyoyi a kaina, kamar lissafin zai canja.

Da masarar ta bushe muka je girbi, ni da Baba da ƙannena biyu. Aikin da kan ci mako guda, kafin azahar mun gama. Baba ya zagaya ƙarshen kunyoyin don ya yanko gambar ɗauri. Ya daɗe a can. Da ya dawo, muka ɗora a jaki muka taho.

Sakamakon kokwambar Abu Nasir ya fito shekaranjiya, kuma halittar nan ce. Kafin ya fito rabin rumfar ya tafi. Na rubuta tun ranar farko cewa zai yi kyau a duba yiwuwar rage ruwa, amma ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin umarni, kuma ban ga laifinsu ba. Ita dai kokwamba ta kamfani ce, za a sake shukawa, ba wanda zai kwana da yunwa. 'Ya'yana a kofi suka san masara, da man shanu da ɗan cokalin roba, a manyan kantuna masu sanyi. Abin da ke ci mini rai shi ne ita waccan ta fadama ba zan taɓa gwada ta ba. Ba wanda ya ajiye kara ko ɗaya. Baba ya rasu shekara bakwai da suka wuce. Hotunan sun yi daidai da abin da na gani, zafin ya yi daidai, ruwan ya yi daidai, ina da injinan da za su ba ni amsa cikin kwana shida, amma ba ni da abin da zan sa a cikinsu.

Azumi ya kama a shekarar dawa ba ta gama nuna ba. Masarar kunyoyi biyar ita muka riƙa ja, da ita ake sahur, da ita ake shan ruwa, Inna tana auna ta kamar magani. Wajen goma ga wata, ana dab da magariba, ina shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, Baba yana zaune a kan buzunsa. Ba kowa sai mu biyu. An riga an ajiye ƙwaryar kunu an rufe da faifai.

Ya ce, “Bakin kunyoyin can na gefen korama, garma ce ta sare su. Ba ruwa ba ne.”

Na durƙusa. “Ni ne, Baba.”

“Yaushe?”

“Kwana biyu bayan gayya. Kana kwance.”

“Wani ya kore ka ne?”

“A'a.”

“Hannunka ne ya gaji?”

“A'a, Baba.”

Sai na soma bayani. Na gaya masa yadda ake yi a makaranta, a yi wa wani sashe a bar wani, don a kwatanta. Na yi bayanin da kyau, ina jin ban taɓa yi wa wani malami bayani mai kyau kamar wannan ba. Bai katse ni ba har na kai aya.

“Wato sauran ka bar su ne don ka gani.”

“Don in tabbatar, Baba.”

“To ka tabbatar?”

Allah ya yafe mini, cewa na yi, “Kusan. Sai dai gefen yana da ɗan yashi, saboda haka mai yiwuwa…”

Ya ɗaga hannu ya dakatar da ni. Ladan ya kira salla. Baba ya buɗe faifan, ya yi bisimilla ya kurɓa, ya daɗe yana kallon cikin ƙwaryar.

“Da ka buɗe duka, ruwa ya ɗauke, masara ta ƙone, da na yi maka faɗa na kwana ɗaya. Duk wanda ya tambaye ni in ce ɗana ne ya yi kuskure, kowa yana yi.” Ya turo mini ƙwaryar. “Wannan da ka yi, ban san sunansa ba.”

Ya tashi ya ɗauki butarsa.